Baba Taimin Ya Koma Aji

Tun yana saurayi direbobi suka laƙaba masa Baba Taimin. Duk motar da aka kawo garejinsa tana tari tana shaƙewa, zai buɗe inji ya daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawuloli, wato taimin, ta tashi garau. Da sifana ya ciyar da gida, da ita ya kai babbar 'yarsa makaranta har ta zama malamar koyar da gyaran inji.

Furfura ta gama cin kansa lokacin da wata sabuwar mota ta gagare shi. A tsaye karkarwa take yi, a kan titi kuma ba ta da ƙarfi. Ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa, har mai ita ya gaji ya janye abarsa.

Ranar ko abinci bai taɓa ba. Matarsa ta kira 'yar, ta zo ta same shi zaune a bakin ƙofa, ya zayyana mata komai.

"Baba, ai injin yanzu shi ke sauya taimin ɗinsa da kansa," in ji ta. "Ka taka wuta, sai kwamfuta ta tura baƙin mai ya ɗan murza sandar da ke danna bawuloli. Ka sassauta, ya mayar."

"Wato sana'ata aka ƙwace aka ba wa baƙin mai?"

Ta yi dariya. "Ranar da man ya yi datti ya toshe hanya, wa za a nema?"

Sai ya ce, "Ajin naki akwai kujerar tsoho?"

Haka ya riƙa zama a sahun gaba, cikin sa'annin jikokinsa, tabarau a kan hanci. In ya ɗaga hannu ya ce "Malama," sai kunya ta kama ta, aji ya fashe da dariya. Shi ko a jikinsa.

Da ya samu irin wannan mota a karo na gaba, ya jona na'urar bincike, ya zaro 'yar matatar mai da ta cushe da dauɗa, ya wanke, ya juye sabon mai. Inji ya kwanta luf.

Direban motar ya riƙe baki. "Baba, ina ka koyo wannan?"

Ya goge hannu da tsumma a hankali, ya ɗaga murya yadda maƙwabtan gareji za su ji.

"Wurin 'yata. Kuma ba ta yi min sassauci a jarrabawa ba."