Rigar Tsuneo Mai Dogon Hannu

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, zuciyar yayana Tsuneo ta tsaya yana tsakiyar ɗinkin ragar kifi a bakin teku. Yaya, an ce in rubuta kalmomi masu sanyi. Ba zan iya ba, raina a ɓace yake.

Duk unguwar nan babu tsohon da ba ka cuɗa wa baya ba a gidan wankan jama'a na Kabasawa, inda kowa ke shiga ruwan zafi ɗaya. Kai ke goya tsoho Genzo, da ƙafa ta gaza masa, har cikin ruwan zafi, kana tsokanarsa: "Baba, wannan bayan naka ai sai burushin wanke jirgi!" Da ciwon fata ya feso maka, ja mai farin ɓawo a gwiwar hannu da gadon baya, sai waɗanda ka cuɗa suka riƙa sulalewa daga ruwa in ka shigo. Kabasawa ya tare ka a ƙofa yana ta rusunawa: "Tsuneo, yi haƙuri, mutane ne ke ƙorafi." Ka ce likita ya tabbatar ba a ɗauka. Ya ce, "Na sani mana, amma ka san mutanenmu."

Tun ranar ba ka ƙara naɗe hannun riga ba. Ko a asibitin da kake karɓar maganin hawan jini, a kan riga ake yi maka awo, babu wanda ya taɓa cewa ka naɗe. Likitan fata na ba ka man shafawa, na jini na ba ka ƙwaya, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Sai da muka je ɗaukar gawa wata likita ta ga bayanka, ta ce wannan ciwon ba a fata yake tsayawa ba, kumburinsa na taɓa hanyoyin jini, mai hawan jini kuwa dole a sa wa zuciyarsa ido sosai. Ihu bayan hari!

Jiya Kabasawa ya zo ta'aziyya, ya kunna maka turare kamar yadda muke yi wa mamaci, har da hawaye. Albarkacin matarka Sumie ne ban nuna masa ƙofa ba.

Allah ya ji ƙanka, ya ba Sumie da 'ya'yanku haƙurin rashinka. Ni na yi maka wankan ƙarshe, Yaya. Na cuɗa maka baya da hannuna, ko safar hannu ban sa ba. Ga hannun nan lafiya lau, mai shakka a unguwar nan ya zo ya duba.