Jan Tsumma a Sitiyari

Mahaifina direba ne tun zamanin haƙar kuza, kuma da ya tara ɗan abin hannunsa mota ya saya, fara, mai giya a jikin sitiyari, irin wadda yanzu sai a tsofaffin hotunan aure ake ganinta. Mu 'ya'yansa wanki kawai aka yarje mana. Bonet kuwa haramun ne. Har na yi gemu ban taɓa ganin injin nan ba sai ta ƙarƙashin hammatarsa.

Shekarar da gari ya rikice ina karatu a wani gari. Kafin in dawo mutanen gidanmu sun bar unguwarmu Kabong sun koma Titin Bauchi da kayan jikinsu. Motar kuwa tura ta aka yi zuwa garejin maƙwabcinmu, wani ma'aikacin gwamnati ɗan asalin nan, wanda matarsa muke kira Mama tun muna rarrafe. Ban taɓa tambayar dalilin da ya sa aka tura ta maimakon a tuƙa ba.

Daga baya an sayar da gidanmu, amma Baba bai taɓa yarda mun tashi ba. Kowace magana tasa da "idan mun koma" take farawa. In muka ce, Baba, ai gidan ya zama na wani, sai ya ce, "Motata tana can. Wa ka taɓa gani ya tashi ya bar motarsa?" Shi kuma ƙafarsa ba ta sake taka unguwar ba, ya ce ba zai shiga layinsu kamar baƙo ba. A haka muka shafe shekara ashirin da ɗoriya.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi, sai ya yini bai ce uffan ba. Ana cikin haka Mama ta kira ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta za su ɗauke ta, gidan ya sami mai saye.

"Ka zo ka ɗauki motan babanka," in ji ta. "Ni ba na so a ba masu gwangwan su farfasa su sayar da ƙarfen."

Nan na ƙudurta abin da zan yi. Zan tayar da motar, in tuƙo ta har bakin tagar ɗakin Baba, ya ji kukanta tun yana iya ji. Ƙanwata, wadda ke jinyarsa, ta ce in nemi bakanike. Na ƙi. Ni malamin makaranta ne, abin da na sani na inji na kallo ne, amma raina ya ba ni cewa motar da Baba ya hana kowa taɓawa ba za ta tashi a hannun bare ba. Gaskiyar magana, so nake sau ɗaya a rayuwata ya ce na iya wani abu.

Na sayo batir da fulogi a wajen kasuwar Terminus, na riƙo galan ɗin fetur. Da Mama ta yaye tamfol sai da idona ya cika. Tayoyin sun kwanta, amma jikin motar tas, ashe duk ƙarshen wata takan goge ta ciki da waje. Kwana biyu ina fama. Na kwashe sheƙar ɓeraye daga cikin injin, na zubar da tsohon fetur da ya koma warin fenti, na cika lagireto da ruwa, na sa aka yi wa tayoyi iska. Na duba komai ban da abin da ɗan koyo ma zai fara dubawa.

Rana ta uku da hantsi na ɗiga fetur a kafireto na murɗa makulli. Motar ta yi tari ta ɗauke. Na sake. A karo na bakwai ko na takwas ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe garejin, Mama ta rangaɗa guɗa tana tari. Akwai wata jar fitila a gabana da ta ƙi mutuwa, na ce tsufa ne.

Nan take na kira ƙanwata. "Sa wa Baba wayar a kunne!"

Na miƙa wayata waje ta taga, na taka totur, sannan na dawo da ita kunnena. Ina jin numfashinsa. Can ya yunƙura ya ce wani abu.

"Yaya, cewa yake tsumma," in ji ƙanwata. "Tsumma, tsumma, ita yake ta maimaitawa."

Na ɗauka murna ce ta ruɗa shi. Na ce, "Baba, kana ji? Ga ta nan!" Na ƙara taka totur har ƙasa don ya ji da kyau. Sai wata ƙara ta taso daga cikin injin kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ta yi sau kaɗan, motar ta girgiza, ta ɗauke. Na murɗa makulli, ko motsi babu. Wayar tana nan a buɗe, Baba ya ji komai.

Na fito na zaro sandar duba baƙin mai. A bushe take ƙayau. Na gaya wa Mama kalmar da Baba yake ta maimaitawa.

"Wane tsumma yake faɗi?" Mama ta tambaya. Sai ta buɗe aljihun gaban mota ta ɗauko wani jan ƙyalle a ninke. "Wannan? A sitiyari na same shi, ɗaure. Na ga ya yi datti, na wanke na ajiye mishi."

Sai daga baya wani tsohon direba ya gaya mini al'adarsu ce. In suka juye baƙin mai ba su zuba sabo ba, sukan ɗaura tsumma a sitiyari don kada wani ya kuskura ya tayar. Ashe ran da gari ya rikice, da safe Baba ya juye mai ya tafi kasuwa sayo sabo, bai dawo da shi ba.

Ban ga laifin Mama ba, kyautatawa ta yi. Na zauna a dandamalin garejin na yi kuka wiwi, tana shafa kaina tana ba ni haƙuri. Motar da ta jira shekara ashirin, ni na kashe ta cikin minti uku.

Da na koma gida na durƙusa gaban gadonsa, na ce zan nemo wani injin. Ya kaɗa kai. Ya fi ni sanin irin ƙarar da ya ji. Ya miƙo hannunsa mai lafiya, na sa masa tsumman, ya damƙe. Ina jiran faɗa, da ma faɗan ya yi da na ji sauƙi.

Ya daɗe yana haɗa kalmomin kafin su fito.

"A kira masu gwangwan," ya ce. "Mun tashi."

Ya ƙara wata huɗu a duniya, ban sake jin ya ambaci Kabong ba.