An Yi Wa Garmahon Mbah Kasmidi Wanka

Kwamitin al'adu na ƙauyenmu ya yi wa garmahon dattijo Mbah Kasmidi wanka da ruwan kwakwa da lemun tsami, sannan ya shanya faya-fayensa a rana. Manya ne suka yi, masu furfura, har da ɗaukar hoto.

Duk wanda ya yi aure a nan kafin zuwan lantarki, Mbah Kasmidi ne ya yi masa kiɗa. Yana saurayi ya sayar da awakin babansa ya sayo akwatin nan a birnin Solo, ya sha duka, ya warke. Sai ya ɗaure shi a bayan keke, bututun na leƙowa ta kafaɗarsa kamar furen kabewa, ya shiga bin bukukuwa. Noma dai bai taɓa shiga ransa ba, shinkafarsa ciyawa ce ke renonta. Amma in ya harɗe ƙafa yana yi wa garmaho wani, yana canja allura, sai ka rantse hakimi ne. Da lasifika ta kashe masa kasuwa, cewa ya yi ai kwaɗo ma ya fi kurciya ƙara.

Faifai ɗaya ya fi ji da shi. Marigayiya matarsa Lasiyem, tana budurwa, ta yi aikin kai wa makaɗa shayi a ɗakin ɗaukar waƙa. A tsakiyar waƙar akwai wani tari, kuma nata ne. Matar da ta yi shekara da shekaru tana zazzaga masa masifa, abin da ya rage na muryarta a duniya ke nan. Kullum da safe sai ya sa faifan ya kasa kunne. Tana yin tarin ya ce, "Sannu. Na ce ki rage taunar tabar nan, ba kya ji."

Da watan Sura ya kama, lokacin wanke kayan gado, shugaban kwamiti Pak Darmaji ya duba wuƙaƙe da masun gado na ƙauyenmu ya ga ba su kai na ƙauyen ƙetaren rafi yawa ba. Sai ya zo aro.

"Mbah, akwatin nan naka ai ya isa shiga sahun kayan gado. Ya girme ni fa."

"Kai, agwagwar gidan nan ma ta girme ka a hankali. Me za ku yi da shi?"

"Ajiyewa kawai, jama'a su gani. Sai ɗan turare."

Son yabo ya ja tsoho ya bayar, har da faya-fayen. Ranar bikin kuma ya tsaya gyaran gashin baki ya makara. Ko da ya isa, an riga an ɗura ruwan kwakwa ta bututun, wai mai waƙar da ke ciki ya jiƙa maƙoshi. Faya-fayen kuwa an dirje su da lemun tsami da toka yadda ake cire tsatsar wuƙa, an jera a kan kwanon rufi, rana na gasa su.

"Darmaji! Ɗan Wagiyem mai waken suya! Wannan wuƙa ce?"

"Haba Mbah, dubi yadda bututun ke ƙyalli. Faya-fayen ne dai suka ƙi fita. Mun dirza, mun dirza, baƙin na nan."

Mbah Kasmidi ya ɗauki na Lasiyem, ya tarar ya lanƙwashe kamar gasasshen ganyen ayaba. Ya ɗora kayansa a keke ya tura gida.

Ƙarfen ciki ya yi tsatsa, hannun ya ƙi juyawa. Ya gwada juya faifan da yatsa, ba abin da ya fito sai shuuu. Yanzu da safe zama yake a bakin ƙofa, kofi na hucewa a gabansa, ba shi da wanda zai yi wa faɗa. Kwamiti kuwa ya zauna ya yanke cewa mai waƙar ciki ne ya yi fushi, ƙila don wankan bai isa ba, baɗi sai a ƙara.

To, Pak Darmaji, kai da 'yan kwamitinka ku ɗauki akwatin nan a kanku ku kai wa mai gyara a Solo. Ku bi kasuwar tsofaffin kaya rumfa-rumfa, ku nemo ɗan'uwan faifan nan, don ba guda ɗaya aka buga ba. Tsohon nan ba shi da lokacin jiran taronku na gaba. Ku tashi gobe.