Katin da na saka wa Yayana a fasfo

A lokacin ina aji biyu na sakandare, muna zaune a unguwar Suwaidi, a Riyad, inda Baba yake tuƙa motar wani Balarabe. Ni yarinya ce marar magana, ko a gida sai an tambaye ni nake buɗe baki, amma ba abin da yake wuce idona. Yayana, wanda shi kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu, ya yi sa'ar samun takardar zama a Amurka, ya yi shekara uku a can kafin ya zo mana hutu. Da Baba ya tambaye shi aikin da yake yi, sai ya ce a shagon magani ne. Na lura da ya faɗi haka sai ya sunkuya yana gyara agogonsa, amma ban kawo komai a raina ba.

Ana jibi zai koma, ina goge ƙura a ɗakin da ya sauka, sai na ga wani kati a bayan na'urar sanyaya ɗaki. Da hotonsa a jiki, da rubutun Turanci, da zanen wani koren ganye mai yatsu. Na ɗauka ganyen rama ne, domin Umma tana shuka rama a bokiti a saman bene, kuma kamarsu ɗaya. Na ce a raina katin aikinsa ne ya faɗa can, zai je ya yi ta nema. A gidanmu matafiyi ba ya haɗa jakarsa da kansa, kuma tun da bayan Umma ya fara ciwo ni ce mai yi. Na jera masa dabino da turaren da aka sayo a kasuwar Batha, sannan na zura katin cikin rigar fasfonsa don kada ya sake ɓata. Kunya ta hana ni gaya masa. Har murna nake, wai zai gani ya san ƙanwarsa ta kula.

Kwana huɗu ba mu ji daga gare shi ba. Da ya kira, Baba ya buɗe muryar wayar muna ji. Ashe da ya sauka a Amurka, ma'aikacin filin jirgi yana buɗe fasfon katin ya faɗo. Ganyen na wiwi ne, shagon kuma na sayar da ita ne. Ya ce a Riyad ya tarar da katin a aljihun wandonsa, tsoro ya kama shi, ya ɓoye da niyyar barinsa nan. Ya rantse wa Baba ba ya sha, kuma jihar da yake zaune ta halatta cinikin, ita ce ma ta ba shi katin. Baba ya tambaya to me ya sa aka tsare shi. Ya ce gwamnatin tarayya ba ta halatta ba, kuma filin jirgi da takardar zama a hannunta suke. Baba ya sake tambaya, an yarda ne ko an hana. Yayana ya ce duka biyun. Baba ya ce shi duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa ganin danja ta ba da ja da kore lokaci ɗaya ba, ya kashe wayar.

Bayan wata bakwai ana shari'a aka karɓe takardarsa. Nan Riyad ma ba shi da iƙama, wato izinin zama, tun da ya girma ya fita daga ta Baba. Sai aka kai shi Kano, garinmu na asali, wanda sau biyu kawai ya taɓa zuwa, ga Hausarsa duk Larabci. Da na samu ƙarfin gaya masa ni ce na saka katin, sai ya ce ya sani tun a filin jirgi, domin ba mai gyara kaya haka sai ni.

Har yau ban gane laifin wa ba ne, nawa, ko nasa, ko na ƙasar da ta ba shi kati da hannu ɗaya ta kama shi da ɗayan. Abin da na sani, da na tsaya a ƙofar ɗakinsa na tambaye shi wannan katin mene ne, da komai ya canja. 'Yan uwana mata masu kunya irina, idan kuka tsinci abin wani, ku miƙa masa a hannu ku tambaya. Yanzu duk Juma'a ina kiransa, yana tambayata ko Baba ya ambace shi, ni kuma sai in kawar da zancen, domin har yau Baba bai ambace shi ba.