Rantsuwar da Ban Yi Ba a Gaban Kwamfuta

Ni ba na son gwamnati ta san ni, kuma ina da dalili. Ina ƙarami aka zo da igiyar awo da manyan littattafai aka rubuce gonakin garinmu, nan tsakanin Kura da Bunkure, aka ce za a kawo ruwa. Ruwa ya zo, ban musa ba. Amma da aka sake rabo, mu aka jefa can ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya isowa sai kowa ya ƙoshi. Tun daga nan na riƙe cewa duk wanda ya zo da biro yana yi maka tambaya, wani abu zai rage maka. Aji huɗu na yi a firamare, ya kuwa ishe ni gane wannan.

To sai ga shi, a shekarun da wayar salula ta fara shigo mana, an ce kowa ya fito a yi masa katin ɗan ƙasa. Wannan karon ba biro kaɗai ba ne. Kwamfuta ce, da abin ɗaukar hoto, da wani ɗan gilashi da ake danna yatsa. Aka ce abin da ya shiga cikinta ya shiga ke nan, ko ka mutu yana nan.

Ba kaina nake ji ba. Me gare ni? 'Yata nake ji.

Sai na koma baya kaɗan. Shekarar da muka yi aure, ni da mai ɗakina mun tafi Kadawa aikin tumatir, muka zauna a bukka har rani ya fita. A can ta haihu, jaririn bai kwana uku ba ya koma. A makon nan wata mata 'yar ci-rani da ke bukkar kusa da mu, wadda ba mu san garinta ba, ba mu taɓa ganin mijinta ba, ta haifi mace ta rasu. Aka yi cigiyar danginta aka rasa. Mai ɗakina nono na zuba, jaririya na tsala kuka. Ta ɗauke ta ta sa a ƙirji, shi ke nan. Muka dawo gida da goyo, gari ya yi mana barka, mu kuma ba mu gyara wa kowa zance ba. Na ba ta matsayin 'yar fari. Yadda ake yi a wurinmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Ni ma ban taɓa kiran nata ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Ta kai shekara goma sha takwas ba ta san komai ba.

A makarantar firamare aka kafa teburin rajista, a gindin darbejiya. Mai danna kwamfutar malamin makarantar ne, wani siriri mai tabarau wanda ba ma ga maciji da shi, don mun taɓa kai ruwa rana a kan ya datse mini ruwa ya juya wa albasarsa. Janareta na ta ruri, saboda haka da ƙarfi ake tambaya, da ƙarfi ake amsawa, duk layi na ji. Kafin ma ka buɗe baki an amsa maka. Ga yadda aka yi da wani dattijo:

"Shekarunka nawa?"

"Arba'in."

"Ƙarya yake, Malam! Da gemunsa aka haƙa kanal!"

Mai unguwa na zaune gefe a kujerar roba. Da yake rani ne, gari cike da 'yan ci-rani, ya ji tsoron kada baƙi su shige a ce da saninsa. Sai ya ƙirƙiro dokarsa: duk saurayi ko budurwa, uba zai tsaya ya rantse da Allah shi ya haifa. Ban san da wannan ba sai da muka shiga layi, ina gaba tana bayana da mayafinta. Na ji wani ya rantse, na ji na biyu.

Ni mutum ne mai baƙin hali, kowa ya sani, amma ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba. In na rantse, na haɗa kaina da Allah. In na ƙi, kafin la'asar an gama yi wa yarinya suna a kowane zaure, kuma kun san sunan da ake ba wanda ba a san ubansa ba. Na yi tunanin janye ta mu tafi, to wannan ma magana ce.

Layi ya zo kaina. Gilashin ya ƙi karɓar yatsana, dashen shinkafa ya cinye zanen. Wani maƙwabcina ya ɗaga murya daga baya: "Ko inji ya san halinka, ya ƙi gaisawa da kai!" Aka kwashe da dariya. Da wata rana ce da na rama. Malamin ya ce in goga yatsan a goshi, na goga, ya kama.

Sai ita. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Sunan uba, ta faɗi nawa, ko ɗar babu.

Mai unguwa ya ce, "To, bismilla, rantse mu wuce."

Gumi ya sauko mini har cikin ido. Malamin ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗan jima. Sai ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Maigida, janareta ya hana ni ji. Maimaita mini sunan yarinyar."

Na ce, "Malam, ka san ba na faɗa."

"A'a, gwamnati ce ke tambaya."

"Ko wace ce. Ba na faɗa."

Layi ya ɗauki shewa. Wata tsohuwa ta ce, "Kai Malam, ka ji tsoron Allah! 'Yar fari ce fa, so kake ya nutse?" Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska.

Malamin ya juya wajen mai unguwa yana murmushi. "Ranka ya daɗe, mutumin da ya shekara goma sha takwas yana kunyar sunan yarinya, wace rantsuwa kuma za mu nema a wurinsa? Rana na yi, ga layi."

Mai unguwa ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya kaɗa hannu. Aka ɗauki hotonta, ta danna yatsa, muka tafi.

Bayan kwana biyu na sami malamin a bakin kanal yana ban-ruwa. Na yi sallama, abin da na daɗe ban yi masa ba. Na ce, "Malam, me ka gani ranar nan?"

Bai ɗago daga fartanyarsa ba. Ya ce, "Na ga mutum yana gumi a inuwa. Ban san dalili ba, kuma kada ka gaya mini. Gurbin da aka ba ni in cika na cika. Babu gurbin rantsuwa a ciki. Gwamnati na da haƙƙin ta san wa ke cikin ƙasarta, wannan ban ƙi ba. Abin da ke cikin ɗakin mutum kuwa, ba a aiko ni in kwaso ba."

Godiya ba ta saba da bakina ba. Abin da na iya cewa shi ne, "Ranar ruwana in ta zo, ka fara sha." Ya ce, "Da ma ina sha," muka yi dariya.

Amma abin bai bar ni ba. Na ga saura ƙiris ta ji asalinta a bakin layi, tsakanin ƙarar janareta da shewar mata. Da katin ya iso, bayan mun gaji da jira, na kira ta da hantsi, uwarta na zaune, na rufe ƙofar gida na gaya mata komai. Ta yi kuka mai yawa. Uwar ma ta yi. Ni na kalli bango.

Da ta natsu ta ɗauko katin tana juya shi. Ta ce, "Baba, a can cikin kwamfutar, sunan wa ke bayan nawa?"

Na ce, "Nawa ne."

Ta ce, "To a bar shi haka."

Yanzu tana ɗakin mijinta a Madobi da 'ya'ya huɗu, kuma da izininta na rubuta wannan. Har gobe ruwa a makare yake iso mini, gwamnatin da ta ajiye zanen yatsana ba ta san kanal ɗinmu ya toshe ba. Malamin ya rasu. Duk sallar da na yi ina sa shi a addu'a, Allah ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa mana a nan. Ita kuwa, har yau ban kira sunanta ba.