Turaren da Ya Kira Mana Beyar

Da asubar fari muka bar unguwarmu ta Sentul, ko shagon mamak na ƙasan gidanmu, wato mai shayi da abinci, bai ɗora ruwan shayi ba. Lokacin ba a daɗe da ɗage dokar hana tsallaka jiha ba, bayan dogon kullen nan na korona da ya sa na haddace duk wata tsaga da ke jikin bangon ɗakina. Mu uku ne. Akwai abokina ɗan Jos, ma'aikacin kwamfuta a wajejen Brickfields, shi ne mai motar kuma shi ya shirya tafiyar. Akwai kuma wani dattijonmu ɗan Kano da muke kira Alhaji, mai sayar wa ɗalibai da Larabawa turare a Sri Petaling. Korona ta kwantar da Alhaji har asibiti. Ya tashi, amma ta tafi da hancinsa, ko tafarnuwa ka kai masa ba ya ji. Ya ce iskar daji yake so ko ƙirjinsa ya buɗe, mu kuma ba mu iya ce masa a'a ba.

Muna wuce Gombak hanya ta fara hawa dutse tana murɗewa, hazo ya sauko har kan gilashin mota. Titi fayau, sai manyan motoci jefi-jefi. Mun tsaya karin kumallo a wani wurin hutawar matafiya, aka auna zafin goshinmu, kowa ya nuna shaidar rigakafi a wayarsa, sannan aka bar mu muka zauna nesa-nesa kamar masu gaba. Nasi lemak ɗin wurin, wato shinkafa da miyar barkono, ya fi na cikin gari yawa da araha, ga yaji har kunne. A gaba kuma muka sayi lemang a bakin titi, wato shinkafa mai danƙo da ake dafawa da madarar kwakwa a cikin gora. Daga nan sai gonakin kwakwar manja, layi bayan layi, har ido ya gaji.

A ƙauyen ƙarshe, can cikin jihar Pahang, muka haɗu da jagoranmu, wani Bamale, wato ɗan asalin ƙasar, mai fara'a, wanda muke ce wa Abang. Mu ne baƙinsa na farko tun da aka yi kulle. Bayan gaisuwa sai ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya ce kowa ya zazzage jakarsa, ya ware duk abin da yake da ƙanshi ko wari. Na ɗauka maganar ƙwari ce, sai ya ce a'a, saboda beruang ne. Ɗan Jos ya juyo ya ce mini, "Beyar yake nufi fa."

Jama'a, ni duk zamana a ƙasar nan na zaci beyar sai ƙasashen ƙanƙara. Ashe ga ta nan a bayan gari, tafiyar safiya ɗaya daga inda nake sayen burodi. Abang ya ce tasu ƙarama ce, baƙa, mai son zuma, amma faratanta suna tsaga itace, kuma hancinta yana jiyo abu daga nesa ƙwarai. Ba ta bambance abinci da abin da ya yi ƙanshin abinci, duk wanda ta jiyo sai ta zo ta duba.

Nan fa aka fara tone-tone. Sabulu, man goge baki, man zafi, man kaɗanya, har sanitaizar nan mai ƙanshin lemo da ta zama mana kamar layar hannu. Dambun naman da na kwana ina yi, shi ma ya shiga layi. Amma tulin Alhaji ne ya sa Abang ya dafe kai: humra, miski, turaren tsinke, da wasu 'yan kwalabe da shi kansa ya ce bai san da su a jakar ba. Abin da ba dole ba muka kulle a mota, sauran aka zuba a wani ɗan duro shuɗi mai murfin roba. Alhaji ya daki jakarsa ya ce, "Shi ke nan, ko ɗan kwastan ya duba ba zai samu komai ba." Muka yi dariya, muka ɗau hanya.

Dajin nan ba irin namu ba ne da kake hango gabanka. Rana ba ta isowa ƙasa, amma zufa kamar an juye maka bokiti. Takunkumi kuwa tun a hawan farko kowa ya tura nasa aljihu. Matsattsaku suka yi mana maraba, ɗan Jos ya cire takalmi ya ga safarsa ta rine, ya ce shi dai bai yi alkawarin ba da jini kyauta ba. Alhaji yana tafiya yana tsayawa, numfashinsa sama-sama, amma bai yarda an karɓar masa jaka ba.

Da la'asar muka isa masauki, wani ɗan fili a gefen rafi. Abang ya raba wurin uku. Tantuna a gefe guda, murhu can nesa ta inda iska take tafiya, duron kuma ya fi nisa, ya jefa igiya kan wani dogon reshe ya ja shi sama, nesa da gindin bishiyar. Rigar da ka yi girki da ita ba ka kwana da ita. Ruwan wanke kwano ba a zubar da shi kusa. Ko ɓawon lemo sai an ƙulle a leda an haɗa da na sama. Baki kuwa da aswaki muka wanke, abin da ya burge Abang har ya roƙi guda. Muka kwana lafiya, ban da kukan ƙwari da ba ya yankewa.

Da safe aka shirya zuwa wata magangarar ruwa da ba ta da nisa. Alhaji ya ce jikinsa ya yi tsami, zai zauna ya huta. Abang bai so ba, amma ya ba shi usur, ya ce kada ya ci komai a cikin tanti, sannan ya yi gaba don ya duba inda za mu tsallaka rafin. Ni da ɗan Jos muka biya mu yi wa Alhaji sallama. Yana kwance ya yi matashi da jakarsa. Wani ƙanshi mai zaƙi ya doki hancina, kamar an haɗa zuma da alewar madara. Amma Alhaji ne fa. Mutumin da in ya fita daga lif, sai an yi rabin yini ana sanin ya shiga. Na ce a zuciyata ai ƙanshinsa ne na kullum, muka wuce.

Magangarar tana da kyau, ruwan sanyi ƙarara, amma ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Bayan azahar muka juyo. Muna dab da masauki Abang ya tsaya cak, ya miƙa hannu ya tare ƙirjina. Na leƙa ta kafaɗarsa.

Tana nan a jikin tantin Alhaji. Baƙa wuluk, girmanta bai wuce na babban rago ba, amma ƙirarta a cure take kamar an dunƙule ƙarfe. Ta tura kai tana shinshina daidai inda muka bar kan Alhaji. Sai ta miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, na ga wani zane ruwan ɗorawa a ƙirjinta kamar jinjirin wata, na ga farata kamar lauje. Ta ɗora hannu ɗaya a kan tantin ta ja ƙasa. Ƙarar yagewar nan har yau tana kunnena.

Ɗan Jos ya damƙi hannuna yana kiran sunan Yesu, ni ina innalillahi, ba wanda ya san yana yi. Daga cikin tantin kuwa shiru, ko tari babu, kuma shirun nan ya fi komai tayar mini da hankali.

Abang ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada wanda ya gudu. Ku matso jikina, ku ɗaga hannuwa sama. Kada ku tare mata hanyar daji." Ya zare adda ya fara dukan butar ƙarfen da ke kugunsa, yana magana da ƙarfi da yarensu. Ya ce mu ma mu yi. Ban san me na riƙa faɗa ba. Ɗan Jos ya ce wai cewa nake yi, "Tafi, don Allah tafi," kamar ina lallashin baƙo.

Ta juyo ta kalle mu, ta yi wani haushi mai kauri irin na kare. Ba ta tafi ba. Ta sake cusa kai ta cikin yagar, har kafaɗa. Na ga tantin ya girgiza, na ce shi ke nan, yau me za mu je mu gaya wa iyalinsa. Sai ga ta ta ja da baya da jakar Alhaji a baki. Ta tsaya ta ƙara kallonmu, sannan ta juya tana tafiyar nan tata ta gwame, ta shige duhuwa da jakar.

Abang bai bar mu mun motsa ba sai da ƙarar ganye ta ɓace. Muka ruga. Alhaji yana dunƙule a ɗaya kusurwar, usur a hannunsa, ya kasa kai shi baki. Kafaɗar rigarsa ta yage, jini yana bin hannunsa, amma karcewa ce ba mai zurfi ba. Na ce, "Alhaji! Alhaji, kana ji na?" Ya kalle ni ya ce, "Malam, numfashinta ne ya tashe ni. Na ji ɗumi a kunnena, na zaci kai ne ka zo ka ce in tashi salla."

Wurin gaba ɗaya ƙanshi yake kamar an fasa shago. Abang ya ɗaga tabarmar robar da Alhaji ya kwanta a kai, ga mai ya jiƙa ta. Sai a sannan Alhaji ya tuna. Jakar tana da wani aljihu a ciki ta baya, inda yake ajiye kwalbar gwaji in zai kai wa masu saye, tun kafin kulle. Da ya danne ta da kai, murfin ya fashe. Ya kwana ya wuni kansa a cikin turare bai sani ba.

Abang ya tambaye mu ko ba wanda ya ji ƙanshin da safe. Ɗan Jos ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, amma ya ga bai dace ya ce wa babba yana ƙanshi da yawa ba. Na ce ni ma haka. Abang bai yi faɗa ba, ya dai ce, "A daji ba a jin nauyi, bos. Abin da hancinka ya ji, bakinka ya faɗa." Ya wanke ciwon ya ɗaure, ya ce mu tattara yanzu, don ta riga ta san wurin. Ya ƙara da cewa sai ya sanar da ma'aikatan daji, kuma abin da ya fi damunsa shi ne beyar da ta saba samun abu a wurin mutane ƙarshenta tarko ne ko harsashi. Na yi mamakin yadda a wannan hali yake tausayinta, amma da na yi tunani sai na ga ai ita tana gidanta ne, mu muka kira ta.

Rigar Alhaji da tabarmar muka naɗe a leda biyu muka cusa cikin duro. A hanya muka ci karo da abin da ya rage na jakar, an yi mata filla-filla, wayarsa a gefe da ramin haƙori a tsakiya. Saukowar nan ba wanda ya yi maganar matsattsaku. Alhajin da jiya yake tsayawa hutu, yau shi ne a gaba.

A wani ɗan asibiti na garin farko aka sake wanke ciwon aka yi masa allura. Ma'aikaciyar ta sa ya maimaita labarin, sannan ta kira abokiyar aikinta ta zo ta ji da kunnenta. Da muka tsaya makan, wato cin abinci, a hanya, mai gadi ya hana Alhaji shiga, tun da ba wayar da zai nuna shaidar rigakafi. Ɗan Jos ya ce masa beyar ce ta cinye wayar. Mutumin ya kalle mu sama da ƙasa ya ce, "Tak boleh lah," wato ba zai yiwu ba. Dole muka yi tapau, aka ƙunshe mana abincin muka ci a mota.

Mun raka Alhaji har ƙofar gidansa a Sri Petaling. Hajiyarsa, da ba ta san komai ba sai cewa mun dawo da wuri, ta buɗe ƙofa riƙe da kaskon turaren wuta na tarbar maigida. Alhaji ya ga hayaƙi, ya yi tsalle ɗaya ya koma bayana yana cewa, "Kashe! Kashe shi!" Ita ta tsaya baki buɗe, mu kuwa a nan dariya ta ƙwace mana, irin wadda ake yi har da hawaye.

Daga nan na wuce gida Sentul. Ga duk mai niyyar kwana a dajin ƙasar nan, ka zazzage jakarka har ka kife ta, ka laluba kowane aljihu da hannu, ka rataye duk mai ƙanshi nesa da inda za ka sa kai. In cikinku akwai wanda cutar nan ta taɓa wa hanci, ku zama hancinsa. Mun kiyaye duk dokar da aka gindaya mana, abu ɗaya muka bari, wato faɗa wa babba gaskiya, kuma saura kaɗan kunyar nan ta sa mu dawo mu biyu.