Yadda bwat ta tsayar da mu a bayan Gazawa

Mun tashi daga Tibiri ana idar da sallar asuba, ni da Inna da ƙanena, cikin a-kori-kurata mai shan gazuwal, wato man dizal. Yayar Inna ce ke kwance ba lafiya a wani ƙauye bayan Gazawa, ta aiko tana son ganin ƙanwarta. Na ce wa Inna kafin azahar muna can.

Motar irin mai canza giya da kanta ce, wadda makanikai ke kira bwat otomatik. Shekara huɗu tana hannuna, man inji kaɗai nake juyewa. Duk sanda makanikena ya yi zancen man bwat, wato akwatin giya, sai in ce masa ai lafiyarta lau.

A Cadawa muka karya da ƙosai da kunu, Inna tana faɗa wai ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin baki ya san an ci. Nan wani ɗan kasuwa ya roƙe ni in kai masa buhunan wake Gazawa. Kwaɗayi ya ja ni, na loda har bayan motar ya durƙusa. Muna wuce Agye ta fara gurnani kafin ta kama giya. Na ji sarai, sai na ƙara muryar rediyo.

Mun sauke waken, muka bar kwalta muka shiga yashi. Ba mu yi nisa ba ƙafafun baya suka nutse. Maimakon in sauka mu haƙa, na yi ta jefa ta gaba, in jefa ta baya, ina taka mai. Warin ƙuna ya cika motar. Inji na kuka, taya ko motsi.

Ƙanena ya samu ɗan kabu-kabu ya koma Gazawa ya ɗauko makanike. Inna ba ta iya hawan babur saboda ciwon baya, ta zauna gindin gawo, wata Bafulatana ta dama mata fura da nono. Makaniken ya zaro sandar gwajin mai ya kai mini hanci. Man baƙi ƙirin, yana ƙauri.

"Malam, man ga ja ya kamata ya zama," in ji shi. "Zahi ke kashe bwat, kuma tsohon mai bai iya sanyaya ta. Da kana canza shi da matatarsa, kana sa ƙaramar giya cikin yashi, da ta kai ka."

Mijin Bafulatanar ya ɗaura shanu a amalanke ya ɗauke mu ni da Inna, bai karɓi komai ba, muka bar ƙanena da makaniken wurin motar. Muka isa ƙauyen bayan la'asar, muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta. Da azahar yayar Inna ta cika, aka ce, tana tambaya ko an ji ƙarar mota.

Kwana uku muka yi na zaman makoki, muka dawo Tibiri a motar haya, tawa tana garejin Gazawa a kwance. Na koyi cewa mota tana faɗin ciwonta tun da wuri, kuma abin da nake ɗagawa gobe ba ni kaɗai zai cutar ba. Inna ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Da na ba ta haƙuri a ƙofar gida, cewa ta yi, "Allah bai nufa ba, ɗan nan," ta shige ɗaki. Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.